Bikin waliyyin Amalfi na 27 ga Yuni: in je kallo ko in zauna a ɗaki?

Bakatsine_Amalfi:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema. Ina aikin kicin ne a wani otal a Amalfi, ƙaramin gari ne a bakin teku kusa da Salerno, kudancin Italiya. Ranar 27 ga Yuni suna da babban biki na waliyyinsu Sant'Andrea, tun yanzu an fara kafa fitilu a kan titi ana gwada lasifika. Madam ɗinmu ta ce ranar da yamma in an rage aiki mu fita mu ga yadda ake gudu da mutum-mutumin a hau matakalar coci da shi, har ta ce dole in zo don ban taɓa gani ba. To wani ɗan Maroko da muke aiki tare ya ce min wai bikin murnar halaka jiragen musulmi ne, duk wanda ya je ya taya su murna kenan. Ni kuma wlh ina son gani, kuma bana son matar nan ta ga kamar na raina musu abu don tana kyautata min. Waɗanda suka san tarihin abin ku faɗa min, haka ne? Kuma ku da kuka daɗe a ƙasar nan kuna zuwa irin wannan?

Dan_Fagge:
Wa alaikumus salam. Malam kai da kanka ka ba da amsa ai. An ɗauko gunki ana zagaye gari da shi kai kuma kana gefe kana ɗaukar bidiyo? Ka zauna a ɗaki ka huta, lakum dinukum wa liya din. Madam ba za ta kore ka don ba ka je kallo ba.

Maman_Hanif:
Ni dai a Bari nake, na San Nicola da suke yi a watan Mayu ko ban fita ba sai ya zo ya same ni, don ta ƙarƙashin tagarmu ake wucewa, badujala kamar za ta fasa gilashi. Yarana suna leƙawa su ga fitilu. Ba na shiga coci, ba na bin jerin gwanon, amma in ce zan rufe musu ido ai wahala ce kawai.

Tarihi_Zalla:
Bari in ɗan shigo a kan maganar ɗan Marokon nan, don akwai gaskiya a ciki amma bai kai ta ƙarshe ba. Asalin ranar Andarawus, wato Sant'Andrea ɗin, a wajen kiristoci 30 ga Nuwamba ce, kuma Amalfi suna yin biki ranar ma. Na 27 ga Yuni tunawa ce da 1544, lokacin da jiragen yaƙin Khairuddin Barbarossa, babban kwamandan ruwa na Daular Usmaniyya zamanin Sultan Sulaiman, suka doso gaɓar. Labarin garin ya ce mutane suka ruga coci suna addu'a sai guguwa ta taso ta tarwatsa jiragen, garin ya tsira. Mutanen Salerno ma suna ba da labarin guguwar nan ɗin, su kuma San Matteo nasu suke jinginawa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne daga ina Barbarossa yake dawowa. Daga Faransa. Sarkin Faransa Francis na ɗaya, kirista, shi ne abokin ƙawancensa a kan Sarki Charles na biyar, tare suka kai wa Nice hari a 1543, sannan rundunar Turkawa ta yi hunturu a Toulon da izinin sarkin. A hanyar komawa ne a 1544 ya auka wa Ischia da Lipari ya kwashe dubban mutane bayi. To ka ga yaƙin sarakuna ne da ƙawancen siyasa, kuma talakan Amalfi abin da yake tunawa shi ne ba a kwashe kakanninsa ba.

Dan_Fagge:
Malam Tarihi na gode da karatu, amma ni ba siyasar 1544 ce damuwata ba. Ko da babu Barbarossa a labarin, abin da ake yi ranar shi ne matsalar. Ana roƙon wanin Allah.

Yar_Wusasa:
Ɗan'uwa Dan_Fagge a hankali dai, akwai kiristoci a gidan nan. Ni Katolika ce daga baya, gidanmu 'yan Angilika ne. Abin da ake koya mana shi ne sujada ta Allah ce shi kaɗai, waliyyai girmama su ake a roƙe su su yi mana addu'a, mutum-mutumin kuma tunatarwa ce ba shi ake bauta wa ba. An yi wannan rigimar a cikin coci kanta har sai da aka zauna taro a Nikiya a 787 a kai. Ba na cewa ka yarda, ina dai so ka san yadda mu muke kallon abin. Kuma Andarawus ba baƙo ba ne, ɗan'uwan Bitrus ne, masunci ne a tafkin Galili, almajirin Yahaya Mai Baftisma ne kafin ya bi Yesu, shi ya je ya kirawo Bitrus ma. Shi ya sa garin masunta suka riƙe shi haka.

Pasto_ba_coci:
Anti Wusasa ki yi haƙuri amma mu a ECWA ma ba mu yarda da ɗaukar siffa a kafaɗa ana yawo da ita ba, Fitowa sura 20 a fili take. Kar a ɗauka duk kirista ne yake yin haka. Yau dai ni da Dan_Fagge layi ɗaya muke hhhh

Dan_Fagge:
Ikon Allah, yau ga ni da pasto a sahu ɗaya 😂

Baba_Eboli:
Yaro Bakatsine ka saurare ni. Na tsufa a yankin nan, a gonakin leda na wajen Eboli da Battipaglia na fara, yanzu ina tuƙa motar kai kayan ganye otal-otal na gaɓar nan har garinku. Na ga bikin ba sau ɗaya ba. Da yamma ake fito da shi, rabin jiki ne na azurfa, dattijo mai gemu, mutanen garin ma tsoho suke kiransa kamar wani kakansu, an rataya masa kifi saboda masunta. Maza ne suke ɗauka a kafaɗa, a bi lungunan gari da shi, a sauka har bakin ruwa a yi wa teku da masu jirage addu'a, jiragen suna ta busa ƙaho. To dawowar ita ce abin da kowa yake jira. Cocin a sama yake, matakala ce doguwa miƙaƙƙiya wajen hawa sittin daga dandali zuwa ƙofa. Sai su tsaya a ƙasa su ja numfashi, 'yan badujala su canza kiɗa, kawai sai ka ga sun kwasa a guje da wannan nauyin har sama, dandalin gaba ɗaya ya ɗau ihu da tafi, tsofaffi mata suna kuka. Ba ya daɗewa, kana ƙifta ido an gama. Da dare kuma a yi wasan wuta a kan teku. Ni a gefe nake tsayawa wajen famfon dandali, ban taɓa gicciye hannu ba kuma ba wanda ya taɓa ce min in yi. Magariba lokacin sai wajen takwas da rabi, ina zamewa in yi sallata in dawo. Kuma ban taɓa jin wani ya zagi musulmi a wajen ba, wlh da na ji da na faɗa maka. Yawancin samarin da ke ihun ma in ka tambaye su wane ne Barbarossa sai dai su ce wani ɗan fashin teku.

Sadiya_Napoli:
Baba ya faɗi komai. Ni abin da zan ƙara shi ne ABINCI, don nan ne mutanenmu suke faɗawa ba su sani ba. A duk bikin gari a Campania za ka ga mota mai fitilu an jera nama an yi mata ado da lemon tsami ana yankawa ana zuba gishiri, o pere e o musso suke ce masa, ƙafar alade ce da bakin ɗan maraƙi a haɗe, kar ka ga kamar ganda ka saya. Taralli na Napoli masu barkono da kitsen alade ake yi. Sfogliatella ma ta gargajiya akwai kitsen. Babà a giya ake jiƙa shi, delizia al limone kuma sau da yawa ana sa limoncello, ita ma giya ce ta lemon tsami. Ka tsaya a kan cuoppo na soyayyen kifi, granita ta lemo, gyaɗa da masara gasassa. Tunda kai ɗan kicin ne ka san kalmar strutto ai, wato kitsen alade, ka tambaya kawai.

Bakatsine_Amalfi:
Hajiya Sadiya Allah ya biya, motar naman nan na ganta a Cetara kuma wlh ganda na ɗauka, Allah ne ya sa ba ni da canji ranar.

Damagaram_Foggia:
Kai ku kuna maganar kallo mu muna maganar ciki. Lokacin bikin ne kasuwa ke buɗewa, daga Yuni har Satumba kowane gari da nashi waliyyi, yau nan gobe can. Kafin in koma aikin tumatir ni tabarau da abin hannu nake bi da su. Cetara 29 ga Yuni San Pietro, Minori 13 ga Yuli, Atrani 22 ga Yuli, Maiori da Positano 15 ga Agusta, na haddace su kamar ranakun kasuwar ƙauye. Amma hwa in ba ka da takardar talla ta comune, wato hukumar gari, 'yan vigili, 'yan sandan gari kenan, su kwashe kaya su rubuta maka tara wadda ta fi jarinka, in sojorno ɗinka, takardar izinin zama, ba daidai yake ba kuma abin ya fi haka. Sanagalawa da 'yan Bangaladash sun fi mu wayon abin, suna haɗa kuɗi su kama rumfa da takarda.

Dan_Fagge:
To ga wata tambayar kuma, cinikin da aka yi a wajen bikin fa? Malaman gidan nan ku fito.

Ustaz_Nasir:
Na ga ana ta kirana. Ni ba mai fatawa ba ne, ɗalibi ne. Abin da na ji daga malamanmu shi ne akwai bambanci tsakanin shiga cikin ibadar mutane, wato bin zagayen da niyyar neman albarka, taɓa siffar, amsa addu'o'insu, da kuma mutum ya kasance mazaunin gari abu ya wuce ta gabansa. Na farko babu saɓani a kan cewa bai halatta ba. Na biyun malamai da yawa sun ƙi a tafi takanas don kallo, wasu kuma sun sassauta musamman ga wanda ke zaune cikinsu yana kiyaye zaman lafiya da maƙwabta. Sayar da tabarau ko ruwan sanyi kuwa ba kayan ibada ba ne. Hawariyawan Annabi Isa alaihissalam Alƙur'ani ya yabe su a Ali Imrana da Saff duk da bai kawo sunayensu ba, don haka ko za mu ƙi aikin mu kiyaye harshe a kan mutumin. Bakatsine ka je masallacin Salerno ko Napoli ka tambayi limami da ya san yanayinku, kar ka ɗau addininka daga group.

Tarihi_Zalla:
Wani abin da zai ba ɗan Marokon mamaki shi ne yadda Amalfi ta yi arziki tun farko. Kasuwanci da musulmi. A ƙarni na 10 da na 11 jamhuriyar teku ce mai zaman kanta, 'yan kasuwarta suna Masar zamanin Fatimawa, suna Tunus, suna Sham, suna Kustantiniyya. Ibn Hauƙal da ya zaga yankin a ƙarni na 10 ya yabi dukiyar garin. Kuɗin zinarensu tarì kwaikwayon rubu'in dinarin Sisili ne har da rubutu irin na Larabci a jiki. Sana'ar takarda da garin ya yi suna da ita ta hanyar Larabawa ta iso musu, har yau akwai gidan tarihin takarda a kwarin da ke bayan gari. 'Yan kasuwar Amalfi ne suka gina asibitin masu ziyara a Ƙudus da izinin mahukuntan Masar. Amma kar in ɓoye ɗaya gefen, a 849 jiragensu suna cikin waɗanda suka yaƙi jiragen musulmi a Ostia don kare Rum. Yau ciniki gobe faɗa, haka Bahar Rum take tun da.

Injiniya_Torino:
Shi ya sa gaban cocin nan ya yi kama da masallacin Andalus, zane baƙi da fari da bakunan nan. Na je hutu na ɗau hoto na tura gida aka ce wane masallaci ne.

Tarihi_Zalla:
Injiniya gaban da ka ɗauka ba tsoho ba ne sosai, na da ya rushe a 1861 aka sake ginawa aka gama a 1891. In kana son na asali ka shiga farfajiyar gefe, Chiostro del Paradiso, ginin wajen 1266 ne, maƙabartar manyan gari ce, nan za ka ga bakuna masu sarƙewa irin na Larabawa. Ƙofar tagulla kuma a Kustantiniyya aka zuba ta a ƙarni na 11.

Pasto_ba_coci:
Tambaya ɗaya, mutumin Galili da aka ce an kashe shi a Patras ta Girka, me ya kawo ƙasusuwansa Italiya?

Yar_Wusasa:
Nan kam ba abin alfahari ba ne pasto. A Kustantiniyya suke, sai mayaƙan yaƙin gicciye na huɗu suka wawushe birnin a 1204, kiristoci suka ci kiristoci. Wani kadinal ɗan asalin Amalfi, Pietro Capuano, shi ya kawo su garinsu a 1208, suna ɗakin ƙasa na cocin har yanzu. Akwai wani ruwa da ake cewa yana tsatsowa a wajen kabarin, manna suke kiransa, tun 1304 ake maganarsa, ana tara shi a wasu ranaku na shekara. Kan Andarawus da ke Vatican kuma Paparoma Paul na shida ya mayar wa mutanen Patras a 1964.

Pasto_ba_coci:
Ruwa daga kabari kuma? Anti ni na yi shiru.

Maman_Hanif:
Pasto kar mu yi dariya da yawa, mu ma muna da masu ɗebo ƙasar kabarin bayin Allah su jiƙa su sha, kowa ya san wannan.

Dan_Fagge:
Kuma su ma muna faɗa musu Hajiya! Ba son kai a ciki.

Khalifa_Tijjani:
Toh an zo wajen. Dan Allah kar a mayar da zancen Italiya rigimar Izala da ɗariƙa, admin yana kallo.

Admin_Hausawan_Turai:
Ina kallo kuwa. A koma kan Amalfi.

Garba_Connecticut:
Abin mamaki ina nan New Haven a Amurka kuma bikin nan da kuke magana ana yin sa a nan, a unguwar Wooster Square, cikin watan Yuni. Jikokin mutanen Amalfi ne da suka yi hijira tun sama da shekara ɗari, suna da ƙungiyar Sant'Andrea tasu, su fito da nasu mutum-mutumin su zaga unguwa ana liƙa masa dala. Da yawansu ko Italiyanci ba sa ji. Ni abin da na fahimta garinsu suke tunawa, don wanda muke aiki da shi bai taka coci sai ranar, amma in ka taɓa masa bikin sai ku ɓata.

Sadiya_Napoli:
Haka yake a nan ma Yaya Garba. Maƙwabcina kullum zagin fada-fada yake, ya ce coci kasuwa ce, amma shi ne kan gaba wajen karɓar kuɗin biki gida-gida. Kwamiti ne suke da shi, kowane shago da abin da zai bayar, 'yan ƙasar waje su turo nasu, kuma gari da gari gasa ake wa ya fi wasan wuta. Har limaman cocin wasu suna ƙorafi a kan kuɗin da ake ƙonawa a sama cikin dare ɗaya alhali matasan garin ba aiki sun tafi Milano da Jamus. Ni ma an zo ƙofata da takardar, na ce musu musulma ce ni, suka ce ba komai signora suka wuce, washegari matarsa ta kawo min torrone.

Injiniya_Torino:
Ni kuma na ji ana cewa mafiya ce ke riƙe da irin bukukuwan nan a kudu.

Baba_Eboli:
Injiniya ku mutanen arewa kun koyi maganar masu gidanku, komai na kudu mafiya. An samu a wasu garuruwa, a 2014 a Oppido Mamertina ta Calabria an tsaya da mutum-mutumi a ƙofar gidan wani tsohon shugabansu aka yi ta surutu har bishop ya dakatar da zagaye a yankin, kuma a shekarar ne Paparoma Francis ya je Calabria ya ce 'yan mafiya ba sa cikin coci. Amma wannan ba Amalfi ba ce, kar a shafa musu. Matsalar Amalfi ranar ita ce hanya. Titi ɗaya ne tal a jikin dutse, SS163, kwana kan kwana, bas biyu in sun haɗu sai ɗaya ya ja baya. Garin mutum wajen dubu biyar ne amma lokacin zafi 'yan yawon buɗe ido sun ninka su, tun da UNESCO ta sa gaɓar a jerinta a 1997 abin sai ƙaruwa yake. Duk mai zuwa daga Salerno ya hau jirgin ruwa, kuma ya tambayi lokacin na ƙarshe tun da rana, don in ka tsaya wasan wuta ba ka shirya komawa ba a kan benci za ka kwana, otal ɗin garin ba na aljihunmu ba ne.

Damagaram_Foggia:
Baba gaskiya ne, ni na kwana bakin ruwan da jakar tabarau a matsayin matashi, sauro kaɗai ya san abin da ya yi min.

Bakatsine_Amalfi:
Na karanta duka, na gode ƙwarai. Na nuna wa ɗan Marokon abin da Malam Tarihi ya rubuta, ya ce ko ma da wa Barbarossa ya haɗa kai dai musulmi ne suka nutse, shi ba zai je ba. Ni kuma har yanzu ina tsakiya. Abin ma da ya ƙara rikita ni, shugaban kicin ɗinmu yana cikin masu ɗaukar, wata guda kenan yana rage cin taliya wai yana shirin matakala, kuma shi ne mutumin da duk azumi yake ajiye min abincin buɗa baki a gefe ba tare da na roƙa ba. Ya ce in tsaya daidai ƙasan matakala in ɗauke shi a bidiyo don 'yarsa da ke Jamus ta gani. Ustaz wannan kuma wane babi ne?

Ustaz_Nasir:
Wannan babin ya fi ƙarfin group, na ce maka ka je wajen limami. Amma in ka ƙi, ka ƙi da kyakkyawar magana ka faɗa masa dalili, irin mutumin nan zai gane.

Dan_Fagge:
Ka ba wani ɗan garin wayar ya ɗauka masa mana, shikenan an raba gardama. Garin kaf ba mai kyamara sai Bakatsine?

Yar_Wusasa:
Ko ka je ko ba ka je ba ni ban ga laifinka ba, amma kar ka ce masa eh sannan ka ɓace ranar.

Maman_Hanif:
Wai tsaya, ranar biki otal cike da baƙi wace madam ce za ta saki ɗan kicin da yamma? Ka tabbata ba cewa ta yi ka leƙa ta taga ba? 😂

Baba_Eboli:
Hajiya ta kawo magana. Ni dai ina da lodin ganye da safiyar ranar, in sun bar motata ta shigo gari zan neme ka mu sha kofi. Sadiya, motar naman nan tana tsayawa ta gefen tashar bas ne ko ta ɓangaren tashar jirgi, don in nuna masa ya kauce?

Sadiya_Napoli:
Baba ai ba sai an nuna masa ba, duk inda ya ga lemon tsami an rataye a jikin mota ya tsallaka titi kawai. Damagaram kai bana za ka sauko ne ko tumatir ya riƙe ka?

Damagaram_Foggia:
Tumatir sai ƙarshen Yuli, amma kuɗin jirgin ƙasa daga Foggia zuwa Salerno wa zai biya min?